Mu Biyu Muke Minshari, Shi Ya Fara Warkewa

Duk lokacin da aka tara malaman lakwal, wato makarantun boko na yara, a Keita don ƙarin horo cikin hutu, a azuzuwa ake kwana. Kowa ya zo da tabarmarsa da gidan sauronsa, a ture tebura jikin bango. Ni da abokina kuwa aji guda ake ware mana, can ƙarshen layi, saboda minsharinmu. Ba a ma shawara da mu. Da mun sauka daga mota wani zai nuna mana ƙofar da hannu, sauran su fashe da dariya, mu ma mu taya su.

Ni darakta ne a wata ƙaramar lakwal ta ƙauye a ƙasar Garhanga. Shi ɗan Madawa ne, tare muka yi makarantar horon malamai a Tawa, gado sama da ƙasa. A lokacin dukanmu sirara ne kamar karan dawa. Bayan aure muka yi jiki, wuya ya cika, maɓallin kwalar riga ya daina rufuwa. Mutane suna cewa hutu ne ya karɓe mu.

Ba hutu ba ne. Ina kwanciya bayan isha'i, in tashi da asuba kamar wanda ya kwana yana haƙar rijiya. Kai yana sara, maƙogwaro a bushe. A aji in na ba yara dikte, wato shifta, tsakanin jimla da jimla sai in tafi, in buɗe ido in tarar sun riƙe alƙaluma suna kallona, na baya suna danne dariya. Huɗubar Juma'a kuwa na yi shekaru ban ji ƙarshenta ba.

Akwai kuma abin da ba ya fita waje. Tsakanina da matata abu ya fara ja da baya. Da farko na ɗora wa gajiya. Daga baya sha'awar ma ta ragu, in kuma zuciya ta so, jiki ba ya amsawa. Na mayar da shimfiɗata rumfar tsakar gida da hujjar zafi. Damina ta zo na koma zaure, sanyi ya zo ban koma ɗaki ba. Tana kawo abinci, tana wanke tufafina, muna hirar yara da gona da kuɗin cefane kamar maƙwabta masu mutunta juna.

Wata ranar kasuwar Buza muka haɗu da abokina. Muna zaune a rumfar mai nama, can gefe wani mai maganin gargajiya ya ɗora lasifika a kan mota yana tallan maganin maza da baki marar kunya. Na yi dariya. Shi bai yi ba. Ya daɗe yana juya tsokar nama cikin yaji, sannan ya kira ni yadda ake kiran malamin lakwal, ya ce:

“Mushe, wanga magani shina aiki kuwa?”

Na ce, “Mi za ka yi da shi?”

Ya dubi hagu, ya dubi dama. “Ni da madam mun koma wa da ƙanwa. An daɗe.”

Abin da na ji a lokacin sanyi ne ya sauka a ƙirjina, irin na wanda ya ɓata a daji sai ya hango wani ma yana neman hanya. Na ce masa, “Ashe mu biyu ne.”

Daga ranar muka zama abokan neman magani. Garin saiwa da ake damawa a nono, kwalabe masu ɗaci daga wajen Ƙonni, ƙwayoyin masu tire a ka waɗanda suka sa zuciyata bugawa kamar za ta fasa riga, fuskata ta ɗauki zafi. Duk wanda ya samo sabo sai ya raba biyu ya aika wa ɗan'uwansa ta hannun direban tasha. A telefon muna da yarenmu. Zai ce, “Ya gona?” In ce, “Fari dai.” Shi ma ya ce nasa wajen ko hadari babu. Mu yi dariya mu kashe. Wannan dariyar ce ta riƙe ni shekaru. Muddin yana cikin abin da nake ciki, ban ɗauki kaina wanda aka ware ba.

Daga baya aka ɗauke shi daga aji aka kai shi ofishin masu duba lakwal a Madawa, aka ba shi moto, wato babur, na aiki. Wata rana da azahar yana dawowa daga zagaye, barci ya ɗauke shi a kan moto, ya sauka daga kwalta ya faɗa cikin lambun albasa. Kafaɗa ta karye, karaya mummuna, sai da aka wuce da shi Yamai don a yi masa aiki. Na kira shi na yi masa jaje, na aika wa iyalinsa abin da ya sawwaƙa. Daga nan ayyukan ƙarshen shekara suka riƙe ni, shi ma ya yi shiru, aka kwashe watanni ban gan shi ba.

Da na je Madawa dubiya, shi ya buɗe mini ƙofa, na tsaya ina kallonsa. Kumburin ƙarƙashin idonsa ya tafi. Idon kansa ya yi fari. Tafiyarsa ta canza, kamar an sauke masa buhu daga wuya. Muka ci abincin rana, tuwon shinkafa da miya mai nauyi, irin wanda da kafin a ɗauke kwano mun kife dukanmu. Ni kaina ya fara rinjaya. Shi kuwa yana zaune daram yana ba ni labari.

Ya ce likitan da ke sa mutane barci kafin a yi musu aiki ne ya fara lura da shi. Ya gan shi yana barcin rana a gadon asibiti, minshari ya yi sama, sai ɗif, ƙirji yana motsi amma iska ba ta shiga, can sai ya shaƙe ya zabura. Aka tura shi wajen wani likita, aka ɗaura masa wayoyi a ƙirji da yatsa da hanci ya kwana da su. Aka ce naman maƙogwaronsa ne yake saki idan ya yi barci, ya toshe hanyar iska, numfashi ya tsaya, jiki ya firgita ya farka ba tare da shi ya sani ba, a yi ta haka har gari ya waye. Jini ba ya samun isasshiyar iska, zuciya tana wahala, jijiyoyi suna gajiya.

“Sai lokotoro ya rufe ƙofa,” in ji shi, “ya ce mini, to ya wajen iyali? Na ce lahiya lau. Ya ce a'a, ba gaisuwa nike yi ba. Ya ce jijiyoyin da namiji ke bukata su ma jini ke cika su, kuma da yawan masu wanga ciwo suna da waccan matsala.”

Ya ja ni ɗakinsa. A kan ɗan tebur kusa da gado akwai wani abu kamar rediyo, an lulluɓe shi da farin ƙyalle mai sakar hannu. Ya yaye. Mashin ne da doguwar tiyo, a ƙarshenta wani abin roba da ake ɗaurawa a hanci da maɗauri ta bayan kai. Ƙanensa da ke aiki a Abijan ne ya samo masa. Ya kunna, na ji iska tana fita a hankali kamar numfashin jariri. Ya ce ita ce take riƙe maƙogwaro a buɗe har safe.

Na ce, “To ya gona?”

Ya yi murmushi, ya sunkuyar da kai kamar sabon ango. “Mushe, ruwa ya sauka.”

Na ce masa barka. Bakina ne ya faɗa. Daidai lokacin matarsa ta shigo da shayi. Na san ta tun tana amarya, na kuma san yadda fuskarta ta koma a 'yan shekarun nan, a ɗaure, magana ɗaya biyu. Ranar hannunta ya sha lalle, ɗakin yana ƙamshin turare. Ya yi mata wata tsokana a kan sukarin da ta cika, ta buge masa kafaɗar mai lafiya da mafici tana dariya.

“Mushe, ka ga abokinka ya koma yaro,” in ji ta. “Ka gaida mini maman yara.”

Na dubi mashin ɗin na ce, “Kai kuwa haka za ka ƙare, da dogon hanci awa giwa? Ni in ga mutum da wanga abu a fuska, sai in fara salati.”

Ya yi dariya da zuciya ɗaya. Ya ce in je a gwada ni, shi zai raka ni, ya tabbata ciwonmu ɗaya. Na ce ni minsharina gado ne, mahaifina ma haka ya yi har ya tsufa. Ban kwana ba kamar yadda na yi niyya. Na ce akwai taron iyayen yara, na hau motar Buza da la'asar. Duk tsawon hanya, motar tana tsalle a kan duwatsu, ba abin da nake gani sai maficin nan yana sauka a kafaɗarsa.

Bayan haka na rage ɗaukar kiransa. In na ɗauka sai in ce rezo ba kyau, ba na jin sa sosai. Ya daina tambayata gona, kuma wannan ma ya ɓata mini rai, don na san tausayina yake ji. Labarinsa kuwa yana iso ni ko ban nema ba. Wani malami ya ce ya gan shi a fada, majalisar hirar abokai, da rana tsaka yana buga kartar belot yana cinye kowa. Wani ya ce ya fara tafiyar ƙafa da safe har bayan gari. A horon Keita na wannan shekarar ya zo da mashin ɗinsa cikin jaka, ya nemi aji mai wuta, ya kwana cikin mutane. Ni kaɗai na kwana a ajin ƙarshen layi. Da safe ana ta yaba masa, wai ko motsinsa ba a ji ba. Na ce ai wanda rayuwarsa ta rataya ga kuran, wato lantarki, ranar da aka ɗauke wuta sai Allah. Ba wanda ya yi dariya.

Na riƙa neman aibinsa. Na ce don yana gari ne, gidansa da wuta, ƙanensa da hali. Ni ina ƙauyen da ko telefon sai an kai shagon mai pano, farantin nan na hasken rana, a caja. Na ce da ni ne na faɗi daga moto da yanzu ni ne a wurinsa. Har wannan na yi tunani: na yi ƙyashin karayar kafaɗar mutum.

Sai ga labari matarsa tana da ciki. Autansu a lokacin ya shiga kolej. Na yi lissafin shekarunta, na yi na matata, kusan sa'o'in juna ne. Ranar ban iya cin tuwon dare ba.

Suna dai ba a ƙin zuwa. Muka je da matata a kan motona. An yanka rago, an cika ƙofar gida da kujeru, abokan aiki suna ta jan shi da wasa, “Tsoho ya tuna baya!” Shi yana ta washe baki cikin sabuwar shadda. Da jama'a suka ragu na ja shi gefe. Ban san lokacin da maganar ta fito ba.

“Ka ara mini mashin ɗin nan in gwada, ko na 'yan kwanaki.”

Ya ce, “Mushe, ba hula ba ce. Kowa da ƙarfin iskar da ake saita mishi, sai an gwada ka. Kuma ni in na kwana ɗaya babu shi, washegari na koma yadda nike. Mu tahi Yamai, ni zan kai ka.”

Gaskiya ya faɗa, daga baya likita ya maimaita mini ita. Amma ranar abin da na ji shi ne, mutumin da muka raba garin saiwa da shi a ƙullin leda ya hana ni abinsa. Na ce ba komai, wasa nike.

A hanyar komawa, mun wuce Buza mun shiga hanyar duwatsu, matata ta taɓa bayana ta ce in tsaya ta gyara zama. Na tsaya a inuwar wata aduwa. Ba ta gyara komai ba. Ta sauka ta tsaya gabana.

“Malam, ta hwaɗa mini komi.”

“Wa?”

“Mai jego. Yadda sunka kasance da, da yadda sunka koma.”

Kunya ta rufe ni, sai ta juye ta zama fushi. Na ce wato zama kuka yi kuna tone mazajenku. Ta ce ita ba ta faɗi komai nata ba, saurare kawai ta yi. Ta ce:

“Kai ma numfashinka tsayawa shike yi. Tun kana kwana ɗaki nike gani. In ka yi ɗif sai in zungure ka da gwiwar hannu. Da ka koma zaure ma ina jiyo ka, in minsharin ya yanke sai in tashi zaune ina jira ya dawo. Wancan abin na haƙura da shi tuntuni. Tsoron da nike ji, wata safiya in kawo ruwa in tarar ba ka.”

Sai ta ƙara, “Shi ai ya yi ƙoƙari, ya tsaya anka duba shi.”

Duk maganarta, wannan ce ta fi tsaya mini. Matata ta yabi wani namiji a gabana, kuma a kan wannan al'amari. Na tada moto da ƙarfi muka wuce gida.

Na so in ce tsoron mutuwa ne ya kai ni Yamai, ko tausayin matata. Suna ciki. Amma abin da ya ɗora ni a mota shi ne ba zan iya ci gaba da zama ina kallon mutumin nan yana gabana ba. Ban ma gaya masa zan tafi ba. Matata ce ta gaya wa matarsa. Da motar Yamai ta tsaya a Madawa sai ga shi da jakarsa da ta mashin ɗinsa, ya zauna kusa da ni ya ce, “Matsa mini.” Ni na yi ta barci a hanya kaina yana faɗawa kafaɗarsa. Shi yana karanta littafi.

Aka ɗaura mini wayoyin, aka ɗebi jinina. Sakamako ya fito: ciwonmu ɗaya, nawa ma ya fi nasa tsanani. Amma ni an samu ƙari, hawan jini da ciwon suga da ya daɗe a jikina ban sani ba. Likitan, mutum mai magana a hankali, ya rufe ƙofa kamar yadda abokina ya ba ni labari. Ya ce mashin zai gyara barcina, wannan yana da tabbaci a kai. Ɗaya matsalar kuwa, wasu takan dawo musu sosai, wasu kaɗan, don suga ma yana cin jijiyoyin nan. Ya ce in rage jiki, in yi tafiyar ƙafa, in sha maganina, in rabu da ƙwayoyin masu tire. In barci ya daidaita, a sake zama a duba abin da za a ƙara.

Na fito na tarar da abokina a benci. Ya ce, “Mi anka ce?” Na ce, “An ce nawa ya fi naka.” Har ga Allah da wata 'yar gadara na faɗa.

Ƙanensa ne ya samo mini mashin, wanda aka taɓa amfani da shi, likita ya saita. Na sayar da bijimin da nake kiwo na sa pano a kan rufin ɗaki da batir babba. Farkon abin azaba ne. Robar tana yanka mini karan hanci, cikin zafin bazara gumi yana taruwa a ƙarƙashinta, in farka in tarar na fizge ta na jefar. Ranar da hadari ya rufe rana batir ba ya kai ni asuba. Ƙurar ƙauye tana toshe matatar iska, sai matata ta ɗinka masa riga. Na kira abokina ina ƙorafi, ya ce shi cikin mako guda ya saba. Ko a nan ma sai da ya riga ni.

A hankali na saba. Na koma ɗaki, tunda can batir yake. Wata safiya na farka na tuna mafarki: ina yaro, ina kora awakin kakata zuwa tafki. Na zauna a bakin gado ina mamaki, don na manta rabon da in yi mafarki. Ciwon kai ya tafi. Na ba da dikte daga farko har ƙarshe ina tsaye. Na ji huɗuba har addu'ar rufewa. Matata ta yi ƙiba kaɗan, ta ce barci ne da ta samu.

Ɗaya al'amarin ya dawo, amma ba irin na abokina ba. Yakan zo, ya yi nisa, ya sake zuwa. Da likita ya ga jinina ya daidaita ya rubuta mini wani magani na farmasi, yana taimakawa wani lokaci. Matata ta ce ita haka ya ishe ta, kuma na yarda da ita, don na ga lalle ya dawo hannunta ba tare da biki ba. Ni ne bai ishe ni ba. Ba don ita ba, don shi.

Yaron nasa yanzu yana gudu. Kwanakin baya suka zo mana Garhanga da iyalinsa, yaron ya bi kajinmu har cikin rumbu, uban yana bin sa a guje, ya ɗaga shi sama yana juyi da shi. Na tsaya ina ƙirga furfurar gemunsa, na ga ta fi tawa yawa, na ji daɗi. Muka ci abinci, ni da ɗan tuwona na dawa da ganye kamar yadda aka umarce ni, shi yana tsoma hannu a duk kwanon da ya ga dama. Matan suna ɗaki suna ƙus-ƙus, can sai dariya ta tashi, har da tafawa.

Da suka tafi, matata tana kwashe kwanuka, na tsaya a bakin madafa ina gyara igiyar shanya da ba ta lalace ba.

Na ce, “Mi kunka yi wa dariya ɗazu?”

“Maganar mata ce.”

“Ta ce wani abu game da shi? Har yanzu dai lahiya lau suke?”

Ta ajiye kwanon, ta dube ni sama da ƙasa. “Malam, lambarshi tana cikin telefon ɗinka.”

Ta miƙo mini butar ruwa ta ce in zuba a tukunya, sannan in je in goge ƙurar pano kafin rana ta faɗi. Na ɗauki tsumma na jingina tsani.